Shekarar da Sambo Ya Daina Zagina

Ku ƴaƴana, kun tashi kun iske ana yabona a kan abin da ba na son a cika yabona a kansa. Duk baƙon da ya sauka garin nan ya ga fitila a likita, wato asibitinmu, ya ga ruwa yana zuba a famfo ba tare da ƙarar inji ba, sai an ja shi bayan gari an nuna masa panno, farantan nan masu shan rana, jere cikin shingen waya, a ce masa, wannan gonar Gado ce, shi ya bayar. Ku ma na ga yadda kuke ɗaga kai idan an faɗa. Ni kuwa sai in yi shiru, har uwarku Dije takan ce yabo ne ya yi mini yawa na fara yanga da shi. Ba yanga ba ce. A shekarar da aka kafa su na yi abu biyu, ɗaya na kirki, ɗaya na wauta. Gari ya riƙe na farko, ni kuma na biyun ne ya riƙe ni. Ina so ku ji shi daga bakina tun idona yana ganin layin takarda.

Gonar nan ta tudu ce, shimfiɗaɗɗiya, tsakanin likita da rijiyar gari, kuma daga ubana na gaje ta. Hatsinta ya fi na kowa a wannan gefen, mutane suna cewa hannuna ne yake da albarka, ni ma ban taɓa musa musu ba. Gaskiyar magana, albarkar tana zuwa ne da ƙafa huɗu. Kowace shekara, idan an gama girbi an saki gonaki, wani Bafulatani mai suna Sambo yakan sauko daga arewa da shanunsa ya kafa bukka a cikinta. Ubansa ya yi haka da ubana, mu kuma muka ɗora. Shanu su ci kara da ragowar harawa, su bar mini taki. Ni in kai masa damman hatsi, matarsa Dado ta kawo wa uwarku nono, uwarku ta dama fura har da gidansu. Haka za su zauna sai hadari ya fara haɗuwa a gabas, sannan su naɗe su koma. Babu takarda tsakaninmu, babu shaida, kuma ban taɓa jin ɗayanmu ya ce wa ɗaya na gode ba.

Dalilin rashin godiyar shi ne abin da ku da kuka girma a lakwal, makarantar boko, ba ku cika sani ba. Ba'are, wato mu Arawa, da Bafulatani taubasai ne. Tun kakanni aka ɗaura mana wasa, na zage shi ya zage ni, na ɗauke masa hula a tsakiyar kasuwa, kuma duk wanda ya yi fushi shi ne ya ji kunya. Ni da Sambo mun kai wasan nan inda ba kowa yake kai shi ba. Tun daga nesa, kafin shanu su gama shigowa, zan ji muryarsa siririya tana ratsa gari.

“Ina bawana Gado? Hito ka amshi sandar ubangijinka!”

Ni kuma in amsa, “Wa ya buɗe ma ɓarawon wake hanya? Ku ɓoye rumbuna, Bahillace ya zaka!”

Sai ya matso ya kama kumatuna, ya bi zanen Arawa da ke fuskata da yatsa, ya juya ga jama'a.

“Kun ga wanga? Kakana yay yi musu shi, don kar su ɓace muna cikin garke.”

Ni kuma in ce ƙafafunsa kara biyu ne aka soka a wando, iska mai ƙarfi ɗaya ta ishe shi komawa Azawak ba tare da ya taka ƙasa ba. Mata su yi ta dariya har su saki taɓarya. Shekara da shekaru, ban san sallama tsakanina da mutumin nan ba sai wannan. Ranar da ubana ya rasu ma, da ya zo gaisuwa, ya zauna kusa da ni ya ce a hankali, yanzu gadona ya ƙaru da maraya. Ita ce dariyar farko da na yi a makokin nan, kuma ta sauke mini abin da addu'ar mutane da yawa ba ta sauke ba.

To, a lokacin wutar garin nan, wadda muke kira kuran, daga wani tsohon gurup take fitowa, injin gazuwal, wato man dizal, da aka girke a bayan likita. Ku manyan kun tuna shi. Idan ya tashi sai kaji su watse, hayaƙinsa ya baƙanta bangon ɗakin haihuwa, idan kuma gazuwal ya yanke, wanda yake yawan yankewa, sai firigon likita mai sanyaya magani ya mutu, allurar yara ta lalace, famfo ya tsaya, mata su koma jan guga. A cikin wata damina wasu mutanen furoje, masu aikin raya karkara, suka zo da mota, suka zauna da Maigari, aka tara mu. Shugabarsu wata yarinya ce injiniya daga Yamai, ba ta fi ɗiyata ta biyu ba, tana magana tana haɗawa da Faransanci. Ta ce za a kafa panno masu shan rana su ba garin kuran, a kashe gurup. Ta ce hayaƙin irin waɗannan injuna, idan ya taru a sama daga ko'ina cikin duniya, shi ne yake ƙara zafi, yake rikita damina. Wannan ta taɓa ni, don ni manomi ne, na ga yadda ruwa ya koma yi mana wasa, ya zo a makare, ya ɗauke hatsi yana cikin bununi. Amma kun san bakina.

“Madam,” na ce, “wanga ɗan gurup namu mai tari shi ad da laihin damina? Su masu manyan injuna can ƙasashen Turawa mi sunka yi?”

Ta yi dariya. “Baba, gaskiyarka, nasu ya hi naku nesa ba kusa ba. Amma ku ka hwara shan wahalar. Kuma ku kuna da abin da su ba su da shi. Duba bisa.”

Na duba, rana ta kusa tsiyaye mini ido. Na ji yarinyar ta burge ni, don ba ta yi mini ƙarya ba. Da aka zo maganar wuri, duk suka juya suka kalli tudun nan nawa, saboda shi ne kusa da likita da rijiya, kuma ruwa ba ya kwanciya a kansa. Maigari ya ce za a ba ni wata gona a madadi, can wajen fadama. Ban ko nemi a ba ni kwana biyu in yi shawara ba. Na miƙe a gaban jama'a na ce na bayar, da zarar na cire amfanin bana. Aka yi ta kabbara. Ba zan ɓoye muku ba, daɗin kabbarar nan ya shige ni sosai.

Da na dawo gida na iske uwarku tana tankaɗe. Labari ya riga ni isowa. Ba ta ɗago kai ba.

“Malam, ka gaya ma Sambo?”

“Sambo? Gonar ubanshi ce?”

“Ba ta ubanshi ba ce. Amma nan ubanshi ya kwana, nan shi ma shika kwana.”

“Ke dai bari. Bahillace ne, in ya zo in zage shi sau biyu, shi zage ni sau ukku, magana ta ƙare.”

Ta ci gaba da tankaɗenta. A nan wautata take, kuma ina so ku dube ta da kyau. Ba mugunta ba ce, ba mantuwa ba ce. Aika saƙo bai fi ƙarfina ba, don danginsa suna cin kasuwar Matankari kowane mako, kalma ɗaya ta isa ta same shi a arewa. Abin da ya hana ni shi ne na ɗauka taubashi ba ya fushi. Na saba duk abin da na yi masa yana wucewa da dariya, har na manta cewa wanda aka hana shi nuna fushi ba a cire masa zuciya ba. Kuma a taron nan kaf, da Maigari da limami da masu takardu, babu wanda ya tuna cewa gona tana da mai ita na damina, tana da mai ita na rani.

Ina cire hatsi suka shigo. Cikin ƴan makonni suka share tudun nan tas, suka baje shi, suka kafa ƙarafa, suka jera panno suna kallon kudu, suka kewaye da waya mai tsawo da ƙofar ƙarfe. Ranar da aka kashe gurup aka kunna sabon kuran, abin da ya fi ba mu mamaki shirun ne. Famfo yana zuba, injin niƙa yana juyawa, amma kana jin kukan kurciya a bayan likita. Ni kuwa na zama mutum. Kullum da hantsi sai in shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ƙarfen nan, dattawa su kewaye ni, ina yi musu bayanin abin da ni kaina ban gane ba.

A haka Sambo ya iske mu. Da hantsi ne, kwana kaɗan bayan an saki gonaki. Mun ji kukan shanu ta hanyar da suka saba biyowa, na gyara zama ina jiran muryarsa. Ba ta zo ba. Shanun ne suka fara isowa, su da suka san gonar fiye da ni, suka zo suka tokare da waya suka tsaya suna shinshina. Dado tana baya da jakuna da kayan bukka. Sai ga shi ya ratso ta cikin garken, sanda a kafaɗa. Bai dubi inda muke ba. Ya bi shingen zuwa gefen gabas, ya sa yatsunsa cikin wayar, ya tsaya yana kallon ciki. Ya daɗe a haka. Dattawan da ke tare da ni suka fara kallona, ni kuma na ji dole in yi abin da aka san ni da shi. Na miƙe na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Kai Bahillace! Ka ga abin da munka yi? Gajiya munka yi da ɓarayi, munka sa waya. Duk abin da ka ɓoye cikin gonag ga, ya zama namu!”

Mutane suka fashe da dariya. Na tsaya ina jiran ramuwa, har na shirya amsar da zan mayar. Sambo ya saki wayar, ya tako a hankali har gabana. Ya sauke sandarsa, ya cire takalmi kamar wanda ya zo gaban hakimi, ya miƙo mini hannu biyu.

“Salamu alaikum, Malam Gado. Mun iske ku lahiya? Ina gajiya? Ina iyali?”

Tun muna yara bai taɓa kirana Malam ba. Dariyar mutane ta mutu. Sai na ji bakina yana amsawa, lahiya lau, kamar ina gaisawa da baƙon da ya tambayi hanya. Na yi ta maza na ce masa an ba ni wata gona wajen fadama, ya je ya sauka can, ta fi wannan ciyawa. Ya saurare ni har na gama.

“Madalla. Allah shi saka da alheri. Mun gode ƙwarai.”

Godiyar nan ta fi mari zafi. Ya shayar da shanunsa a sabon famfo, ya tambayi mai tsaron famfon ko akwai abin da ake biya, shi wanda ubansa ya taya haƙa tsohuwar rijiyar garin. Kafin azahar sun kama hanyar kudu. Dado ta tsaya a ƙofar gidanmu, ita da uwarku suka riƙe hannun juna. Da na shiga gida uwarku ta ajiye mini fura. Babu nono a cikinta, kuma ba ta ce mini ai na gaya maka ba, wanda da ta faɗa da na samu abin yin faɗa a kai.

Na ce a raina zai huce, baɗi zai dawo. Baɗi ta zo bai dawo ba, haka wadda ta biyo ta. Garin kuwa sai ci gaba yake yi, kuma ba zan rage wa panno hakkinsu don ina cikin baƙin ciki ba. Allurar yara ta daina lalacewa. Mata sun huta da guga. An yi lambuna a bayan famfo, matasan da da suke tafiya cin rani wasu sun zauna, wannan yana walda, wancan yana sayar da ƙanƙara. Bangon ɗakin haihuwa da aka shafa wa farar ƙasa har yau fari ne. Ko damina ta ji labarin mun kashe gurup, wannan ban sani ba, Allah ne masani, amma mun cire hannunmu daga abin da aka ce yana ɓata ta, kuma da za a sake tambayata gonar nan yau, zan sake bayarwa. Sai dai duk shekara idan aka saki gonaki kunnena yakan tafi hanyar arewa. Wasu Fulanin suna wucewa, muna taɓa wasa da su, amma wasa ne na al'ada, ba wanda ya san inda zai soka ya same ni. Na yi kewar mutumin nan kewar da ban yi wa wasu ƴan'uwana na jini ba. Tsoho da furfura, ina zaune ana ce mini ranka ya daɗe ta ko'ina, abin da nake marmari kawai a kira ni bawa.

A rani na huɗu na ji a kasuwar Matankari cewa yana sauka a wani fako gaba da Ɗan Kassari. Na hau amalanken jaki na wani mai zuwa can, na ƙarasa da ƙafa. Na iske bukka biyu a wurin da ko akuya za ta raina, shanun sun ragu, shi ma ya ragu. Ya tarbe ni da mutunci. Ya shimfiɗa mini tabarmarsa mai kyau, ya sa Dado ta kawo nono a sabuwar ƙwarya, ya dafa shayi da hannunsa. Na gwada shi ta kowace hanya. Na ce shayinsa ruwan wanki ne. Ya ce a yi haƙuri, ganyen ne ba shi da kyau. Na ce ƙafafun nan har yanzu ba su yi nama ba. Ya ce tsufa ne. Na sunkuyar da fuskata kusa da shi don ya ga zanen da ya saba ja, ya kawar da ido ya ƙara gawayi. Daga ƙarshe na ajiye wasa, na yi abin da Ba'are ba ya yi wa Bafulatani, na ce masa na yi kuskure, ya kamata in aika masa tun damina, ya yafe mini. Ya ce babu komai, gonata ce. Na ce ya dawo. Ya ce in Allah ya so.

Da la'asar ya ɗauki sandarsa ya raka ni. Mun yi tafiya mai nisa, har bukkokin suka ɓace, ina ta cewa ya koma yana cewa bari mu kai wancan dutsen. A gindin dutsen ya tsaya. Bai dube ni ba, ƙasa yake tonawa da bakin sanda.

“Akwai wata aduwa gehen gabas,” ya ce.

Na ce akwai, ƙarama, mai karkata. Masu aiki sun tumɓuke ta tare da sauran itatuwa, don inuwa ba ta shiri da panno.

“Shekarar da kat tahi kurmi, can kudu cin rani, kahin ka yi aure, Dado ta haihu nan gonar. Ɗiya mace. Kwananta tara.” Ya ci gaba da tona ƙasa. “Ni da tsohonka munka binne ta gindin aduwan nan. Ta hwari ce.”

Kun san Fulani da kunyar ɗan fari. Ba sa kiran sunansa, ba sa nuna suna sonsa, idan ya mutu ba sa kuka a gaban mutane. Shekara nawa mutumin nan yana kafa bukkarsa a gefen gabas, ni ina yi masa tsiya cewa tsoron gari yake yi, bai taɓa buɗe baki ba. Ubana ya sani, ya tafi da shi kabari.

“Ba ciyawa nika nema ba rannan,” ya ce. “Na duba ban ga iccen ba. Ina cikin lissahin inda shike, kay yi magana.”

Sai maganar da na yi a bakin waya ta dawo mini kalma bayan kalma, da dariyar da aka yi mata. Na zauna a kan dutsen. Na ce masa ya zo mu tafi tare, zan sa a buɗe mana ƙofa, ya nuna mini wurin, in kewaye shi da duwatsu da hannuna, ko Madam ce ta zo sai ta ɗage ƙarfenta ɗaya. Ya girgiza kai.

“Sun baje wurin, Gado. Ni ma ban iya nuna ma.”

Ya kira ni Gado, babu Malam. Iyakar abin da na samu ke nan, kuma na riƙe shi. Ya ba ni hannu ɗaya, ya juya ya koma, ina zaune ina kallon bayansa har ya shige cikin sabara. Rani mai zuwa aka ce mini sun tsallaka iyaka sun yi kudu da abin da ya rage na garken. Daga nan ban sake samun wanda ya gan shi ba, ban san ko yana raye ba.

Na roƙi mai gadin wurin, ya saba da ni yanzu. Ranar Juma'a idan an sauko daga masallaci yakan buɗe mini ƙofa in shiga in bi gefen gabas. Layukan duk iri ɗaya ne, ƙasar duk iri ɗaya ce. Nakan tsaya a ƙarƙashin wannan in yi addu'a, in matsa ƙarƙashin wancan in sake, don ban san wanne ne yake yi mata inuwa ba. Ko sunanta ban sani ba, ban tambaya ba, shi ma da ba zai faɗa ba. Idan na gaza, ɗayanku ya karɓe ni. Ku fara daga kusurwar da ke kallon rijiya, ku bi layi uku na farko, kada ku yi sauri.